Daga selkon ɗin Kubwa zuwa filazar Wuse 2: littafin dillancina na bana

Litinin 13 Janairu 2025

Toh bismillah. Na daɗe ina cewa zan fara rubuta abun nan, yau dai Allah yayi. Shekara shida kenan ina dillancin gidajen haya a Kubwa da Dutse Alhaji a nan Abuja, selkon (ɗaki ɗaya mai kicin da banɗakinsa), ɗaki da falo, in an ci sa'a fulat mai ɗaki biyu. Ba raini ba, da shi nayi aure da shi nake ciyar da yara, amma wlh na gaji. Ka kwashe sati biyu kana yawo da mutum cikin rana ya ga gida goma sha, ƙarshe matarsa tace kicin ɗin ya mata kaɗan. In ma ya kama na dubu 600, la'adar kashi goma dubu 60 ce kuma ku uku zaku raba, kai da wanda ya kawo shi da mai riƙe da makulli.

Bana na ƙudura zan koma ɓangaren shaguna da ofisoshi da sito. Jiya na je wajen Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi yana harkar nan a Wuse tun lokacin da aka dawo da gwamnati daga Legas a 1991. Ya saurare ni har na gama surutuna sannan yace "Kai ɗan nan, gida da zuciya ake kama shi, shago kuwa da lissafi. Mai shago ba ruwansa da kalar fenti, tambayarsa mutum nawa ke wucewa ta ƙofar." Yace in sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kuma kar in ce duk Abuja tawa ce, in zaɓi titi biyu in san su kaman yadda na san ɗakin uwata.

Na zaɓi Aminu Kano Crescent zuwa Adetokunbo Ademola a Wuse 2, sai 3rd Avenue a Gwarinpa tunda tana kan hanyata ta gida. Littafi na saya yau a Berger.

25 Janairu

Ƙafata ta kumbura. Ba keke ba acaɓa a cikin Wuse 2, in along (tasin haɗaka) ta sauke ka a Banex sauran aiki na ƙafa ne. Filaza 23 na shiga cikin kwana goma.

Abun da na gano da wuri shi ne ba manaja ne ya san gini ba, maigadi ne. Kuma alhamdulillah yawancinsu namu ne, wasu daga Katsina wasu Sakkwato wasu ma daga Nijar, in ka yi sallama ka zauna kan bencinsu ka sha shayi ba ka nuna kana sauri ba, zaka ji abun da babu allon da zai faɗa maka. Wane shago ne ba a buɗe shi sati uku, waye ake bi bashin sabis caj (kuɗin hidimar gini), waye ya fara kwashe kaya da daddare. Akwai wani Baba a wata filaza mai hawa uku bayan Adetokunbo Ademola, shekararsa goma sha ɗaya a get ɗin, ya lissafo min 'yan hayan ginin ɗaya bayan ɗaya da watan da kowa ya shigo, ba takarda ba komai.

Kowane gini shafi guda na ba shi. Sunan mai shi in an sani, waye ke kula da shi, hawa nawa, fakin mota nawa, janareta na haɗaka ne ko kowa da nasa, mita ɗaya ce ko kowane shago da tasa. Amma layin da Kawu yace in ja masa jan biro shi ne watan da hayar kowa ke ƙarewa. Dalilinsa: a dokar Abuja ɗan haya na shekara notis ɗin wata shida ake ba shi in dai yarjejeniyarsu ba ta faɗi wani abu daban ba, na wata-wata kuma wata ɗaya, bayan nan sai notis ɗin kwana bakwai kafin a je kotu. Kenan wata shida kafin haya ta ƙare ne ake fara motsi, ko mai gini na tunanin ƙarin kuɗi ko ɗan haya na leƙen wani wuri. Lokacin da aka kafa allo an riga an gama cin kasuwar, ejan ɗari sun gani.

8 Fabrairu

Yau na sha kunya irin wadda ban taɓa sha ba.

Wani mai kemis ɗan garinmu yana neman wuri a Utako kusa da kasuwa, ƙasa ba bene ba. Na ga talla a wani gurup ɗin ejan na WhatsApp, na kira na tambaya "darek ne?" yace darek, shi ke riƙe da mai gini. Muka je da mutumina cikin motarsa, muna isa na tarar da mutum huɗu a tsaye kowa da waya a kunne, ashe wanda na kira ya kira wani, wanin ya kira wani, shi ma na ƙarshen ba shi da makulli sai da aka jira wani yaro minti arba'in. Ni aka ce min miliyan 10 da rabi. Muna cikin dubawa sai ga mai ginin da kansa ya zo duba famfo, mutumina ya gaishe shi ya tambayi kuɗi, yace shi miliyan 8 ya faɗa.

Shiru wajen yayi. Kowa a layin ya ɗora nasa a sama kafin maganar ta iso gare ni. Mutumina bai ce komai ba sai a mota yace "Malam ban zaci haka daga wajenka ba," na rantse masa ban ɗora ko kwabo ba amma wa zai yarda, na shiga ban ɗauka ba ai ba ta fid da ɓarawo.

Da na ba Kawu labari bai tausaya min ba ko kaɗan. Yace la'ada halal ce, kowa ya san da ita, amma ɗori a ɓoye kan kuɗin mai kaya cin amana ne ko da kai ba ka ci ba in dai da bakinka aka faɗi farashin. Yace daga yau duk ginin da ban ji kuɗinsa daga bakin mai shi ko wakilinsa ba kar in kai kowa. Cinikin biri a sama kenan.

20 Fabrairu

Na sayi tef na awo mai mita 50. Ofis ba a faɗin kuɗinsa da "ɗaki nawa" kaman gida, da sikwaya mita ake yi, kaza a kowace mita a shekara, kuma sai ka tambaya ko awon ya haɗa da baranda da matakala da banɗakin haɗaka ko iya inda mutum zai sa tebur ne. Na auna wani da aka ce mita 120 na samu 96. Ba ƙarya suka yi ba wai, sun haɗa da korido.

Sai maganar wuta. Tun Afrilun 2024 da aka kai Band A, rukunin masu samun wuta sosai, naira 225 a kowane yunit (daga baya an ɗan rage) duk mai neman wuri tambayarsa ta biyu kenan bayan kuɗin haya. Band A an yi alƙawarin awa 20 a rana amma kuɗin na cizo, in kuma ba Band A ba ne to dizal zai cinye ka ta sabis caj. Akwai filazar da sabis caj ɗinta ya kusa rabin hayar. In ba ka faɗa wa mutum tun farko ba ranar da ya gani kai zai tsana ba mai ginin ba.

Wani ci gaba: Kawu ya haɗa ni da wani Oga mai ofis a Garki, cikakken estet sabeyo ne mai rajista. Ya zaunar da ni ya min bayani tiryan-tiryan, yace ƙungiyarsu NIESV tun 1969 take, hukumar da ke musu rajista kuma ESVARBON doka ce ta 1975 ta kafa ta, ni ba ni da ikon kiran kaina sabeyo ko in rubuta wa banki ƙimar gini in sa hannu. Amma kawo ciniki, wannan zan iya. Mun yi magana duk abun da na kawo babba mu bi ta ofishinsa a raba biyu. Rabi dai da ciwo, sai dai kamfani ba zai tura miliyoyi wa mutumin da ofishinsa aljihunsa ne ba.

12 Maris, 12 ga azumi

Kasuwa ta kwanta, ni ma na kwanta. Yawo cikin ranar Maris da azumi a baki ba wasa ba ne, sai bayan la'asar nake ɗan fita. Na yi amfani da lokacin nayi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta intanet, takarda ta fito. Na je banki buɗe akawun na kasuwanci suka ce tunda harkar gidaje da filaye ce sai na kawo satifiket ɗin SCUML, wani sashe ne ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan masu wanke kuɗin haram, da ma gini ai nan ɓarayin gwamnati ke ɓoye kuɗi. Na cike, ina jira.

Uwargida ta tambaye ni jiya da sahur wai wannan littafin da nake ta rubutu a ciki yaushe zai fara haihuwa. Nace bayan sallah in sha Allah. Tace wace sallar.

20 Maris

Labarin da ya cika gari: ministan Abuja Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun haura shekara goma ba su biya harajin ƙasa ba, kuma a manyan unguwanni ne, Wuse, Garki, Maitama, Asokoro, Central Area. Gurup ɗin ejan sai ihu ake. Oga yace min ka gani ko, a Abuja ba wanda ya mallaki ƙasa, C of O ɗin nan, takardar shaidar riƙe fili, haya ce ta shekara 99 daga gwamnati, tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a jihohi tana hannun gwamna, a nan kuma minista ne kaɗai ke ba da fili. Takardar hakimi ko ta sarkin ƙauye ba ta tsayawa a gaban AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja.

Na ƙara layi biyu a kowane shafi: wace takarda ginin ke da ita, kuma an biya harajin ƙasa ko ba a biya ba. Na biyun ba wanda zai faɗa maka gaskiya da baki, sai an nuna rasit.

Litinin 14 Afrilu

Alhamdulillahi rabbil alamin. Na farko ya faɗo.

Wata Hajiya ce mai sayar da abaya da turaren wuta, a gida take yi tana tallatawa a Instagram, kasuwar sallah ta buɗe mata har falonta ya kasa ɗaukar kaya. Ƙawar uwargida ce ta haɗa mu (na faɗa mata wannan, tace to littafin ne ya haihu ko ita). Da farko Wuse 2 take so dole, na zaunar da ita muka yi lissafi, nace Hajiya kwastomominki a ina suke, ta duba wayarta, rabinsu Gwarinpa da Life Camp da Kado. Nace to me zai kai ki biyan kuɗin Wuse 2 ki kuma sa su shiga go-sulo.

A shafi na 31 akwai shago a 3rd Avenue, hawa na farko amma yana kallon titi, wani mai ɗinki ne a ciki kuma tun Janairu maigadin ya ce min ba zai sabunta ba. Na je wajen mai kula da ginin kai tsaye, miliyan 2 da rabi a shekara, koshin (kuɗin ajiya saboda ɓarna) dubu 100, kuɗin lauya nasu. Hajiya ta so ƙasa, na kai ta wajen sau biyu, sau ɗaya da safe sau ɗaya bayan magariba ta ga yadda wurin ke cika da motoci saboda mai gashin kifi da ke ƙasa. Ganin daren ne ya sa ta yarda.

La'ada dubu 250. Yaron manaja ya karɓi 80, maigadi na ba shi 10, sauran nawa. Ba wani kuɗi ba ne in ka raba da wata uku na yawo, amma mutum biyu ne kawai tsakanin mai gini da mai haya kuma farashin da aka faɗa min shi na faɗa mata.

27 Mayu

Jiya aka fara garƙame gine-ginen da aka soke takardunsu, har da hedkwatar PDP a Wuse Zone 5. Daga baya shugaban ƙasa ya sa baki aka ba da kwana 14 a biya. Amma hoton kwaɗo a get ya riga ya zaga ko'ina, yau mutum uku suka kira ni masu haya a wuraren da ba ni na sa su ba wai in taya su bincika ko gininsu na ciki.

A satin nan kuma na bar wani ciniki da hannuna. Wasu masu makarantar koyon kwamfuta suna son wani duflas a cikin layi a Wuse 2, mai gidan ya matsu, la'adar za ta kai dubu 900. Na nemi ganin takarda, an rubuta gidan zama ne, ba a canza ta zuwa ta kasuwanci ba. Mai gidan yace kowa a layin haka yake yi, kuma gaskiyarsa, rabin Wuse 2 gidajen kwana ne aka mayar ofis da gidan abinci. Amma masu kula da tsarin gine-gine in suka tashi ba sa tambayar waye ya fara, kuma wanda ya kashe kuɗi ya gyara wuri ya sa kwamfutoci shi ke kwana a ciki. Na faɗa wa mutanen abun da na gani, suka janye. Mai gidan ya kira ni ya wanke ni tas, wai ni dillali ne ko ɗan sanda.

Dubu 900 fa, ga babbar sallah saura kwana goma ban sayi rago ba. Ban yi barcin kirki ba daren nan, ba zan ɓoye ba.

18 Yuni

Sabon fage: sito. Wani Alhaji daga Kano mai rarraba taliya da man girki yana son wurin ajiya a Idu, wajen mita dubu. Ban san komai a kai ba sai na bi direban tirelarsa muka zaga tare, shi ya koya min aikin. Shi ba ya kallon ginin ma tukun, get yake kallo, tirela za ta iya shiga ta juya ko sai ta yi ribas daga titi. Sai tsayin rufi, sai kaurin daɓe ko zai ɗauki fok-lif, sai hanyar daga babban titi in an yi ruwa. Yace damina ce lokacin duba sito, da rani kowane rufi lafiyayye ne. Wuri na biyu da muka shiga kuwa ga alamar ruwa a bango har gwiwa an shafe da sabon fenti.

Na uku ya yi. Ba nisa da tashar jirgin ƙasa ta Idu, kwalta har ƙofa. Na haɗa Alhaji da mai wurin sun gaisa sun yi musayar lamba, yace zai yi shawara da 'yan uwansa.

9 Yuli

Sun zagaye ni.

Sati uku ina kira, yau yana Kano gobe yana Umara jibi waya a kashe. Yau na bi ta Idu don wani abu daban sai ga tirelarsa a get ana sauke katan-katan. Direban ya gan ni ya sunkuyar da kai. Na kira mai siton yace ai Alhaji yace masa ni yaronsa ne ya riga ya sallame ni. Na kira Alhaji da wata lamba ya ɗauka, yace "Haba ɗana, ai nuna min kawai ka yi, zan sa a turo maka na mai." Dubu 50 ya turo. La'adar da ta haura miliyan 2.

Na je wajen Oga ina huci nace mu kai shi kotu, yace da wace takarda? Ba abun da ya sa wa hannu, ba saƙon da ya ce ya ɗauke ni aiki, komai a baki muka yi saboda ina jin nauyin in miƙa wa dattijo mai furfura takarda in ce sa hannu. Wannan jin nauyin namu shi ya ci ni. Oga ya ba ni fom ɗinsu shafi ɗaya, sunan mai nema, wuraren da aka nuna masa, kwanan wata, kashi nawa zai biya in ya kama ɗaya daga ciki ko ta hannun wa ya bi. Na buga kwafi 50.

Kawu shi dariya ma yayi, yace an taɓa masa wadda ta fi wannan a 1998 kuma har yau suna haɗuwa da mutumin a masallacin Juma'a. Yace kar in zage shi kar in rubuta sunansa a ko'ina. Ban rubuta ba. Dubu hamsin ɗin ma ban mayar ba, ina buƙata.

2 Agusta

Ba labari. Na koma Kubwa na haɗa selkon biyu don kuɗin makarantar yara na Satumba. SCUML ta fito tuni, akawun ya buɗe, ba abun da ya shiga cikinsa. Ruwa kullum. Mutum biyu sun ƙi sa hannu a fom sun tafi, ɗaya ya sa.

Litinin 15 Satumba

Baban nan na bayan Adetokunbo Ademola ya kira ni ranar Alhamis da asuba, ko gaisawa ba mu gama ba yace "Yaro, mutanen hawa na biyu sun kawo masu auna kabet jiya, ba na nan ba, na wani wuri." Na buɗe shafi na 9, hayarsu ƙarshen Oktoba za ta ƙare. Tun Mayu nake leƙa shi duk sati biyu saboda wannan layin, wani zuwan da goro wani zuwan da katin waya wani zuwan hannu rabbana sai hira.

Shi ya faɗa min masallacin da mai ginin ke sallar azahar. Na je na jira shi, bayan an idar na gaishe shi nace ranka ya daɗe na ji hawa na biyu zai zama fanko. Ya kalle ni yace wa ya gaya maka, ni kaina shekaranjiya suka rubuto min. Nace aikina kenan Alhaji. Na nuna masa shafin gininsa, awo, fakin 14, janareta, har da lif ɗin da ya lalace tun bara. Ya daɗe yana kallo. Nace abu ɗaya nake roƙo, takardar izini ta wata biyu, ni da ofishin Oga kaɗai, kar a kafa allo kar a jefa a gurup, in wata biyu ta wuce ban kawo kowa ba ya ba duk wanda ya so. Yace shi bai saba sa hannu wa dillali ba. Nace ni ma ban saba nema ba sai da aka cuce ni. Ya yi dariya ya sa.

Mita 180 cif, ni na auna. Yana son dubu 75 a mita, shekara biyu a dunƙule.

23 Oktoba

An gama, amma sai da raina ya kusa fita.

Masu hayar wani kamfanin inshora ne da ke son ƙaramin reshe, ta hannun Oga suka zo, nan na ga amfanin rabin da nake ba shi. Suka taya dubu 60, shekara ɗaya. Alhaji yace ko kusa. Sati biyu ina safa da marwa tsakanin Garki da gidansa a Maitama. Abun da ya warware shi ba kuɗin ba ne, lif ne da lokaci: su suna son wata ɗaya kyauta don su yi fatishan da wayarin, shi kuma ba ya son wurin ya kwana fanko ko na sati. Aka tsaya dubu 70, miliyan 12 da dubu 600 a shekara, yarjejeniyar shekara uku amma biya shekara-shekara, sati uku na gyara kyauta, shi kuma zai gyara lif kafin su shiga. Lauyansu ya je AGIS ya yi bincike, takarda ta kasuwanci ce, rasit ɗin harajin ƙasa har na bana akwai. Da ma na sani, na gani tun Satumba.

Sai ranar biya. Alat ya shigo wa Alhaji miliyan 11 da dubu 340. Ya kira ni muryarsa na rawa, ina sauran miliyan ɗaya da dubu 260? Nace ranka ya daɗe harajin da ake cirewa tun daga tushe ne, kashi goma, doka ta ɗora wa kamfani ya cire ya kai wa gwamnati da sunanka, za su ba ka shaidar biya ka rage a harajinka. Matsalar ita ce adadin ya zo daidai da la'adarmu kwabo da kwabo, kashi goma can kashi goma nan, sai ya ɗauka na haɗa baki da su na ci sau biyu. Ya ce "Ɗan nan na yarda da kai fa." Wlh sai da cikina ya juya, na tuna mai kemis a Utako. Laifina ne, ya saba da 'yan kasuwa masu turo kuɗi cif, ya kamata in faɗa masa tun ranar farko. Sai da Oga ya zo da kansa da akantan Alhajin aka zauna aka buɗe takardu sannan ya sauko. Bai ba ni haƙuri ba, manya ba sa yi, amma da zan tafi ya ce in zo ranar Asabar akwai wani gininsa a Jabi.

Rabona dubu 630, ya shiga akawun ɗin nan da ya kwana wata uku ba komai. Na kai wa Baba maigadi dubu 40 a ambulan, ya ƙirga a gabana sau biyu ya sa a cikin hularsa.

20 Nuwamba

Lissafin wata goma: filaza 61 a littafi, ciniki biyu da suka faɗa, ɗaya na bari da kaina, ɗaya aka ƙwace. In aka cire kuɗin mota da data da buga takardu da shayin masu gadi abun da ya rage bai fi abun da nake samu a Kubwa da wani abun kirki ba, gara in faɗi gaskiya. Bambancin dai yanzu ina da takardar izini biyu a hannu, na Jabi shaguna huɗu ne a ƙasa, kuma Hajiya mai abaya ta turo min ƙanwarta mai son wurin gyaran gashi.

Uwargida ta daina tambayar yaushe littafi zai haihu, yanzu tambayarta yaushe za mu bar Kubwa. Kawu ya karɓi littafin ya juya shafukan yace rubutuna kaman na kaza, sannan ya nuna min filaza uku a Aminu Kano da na rubuta sunan mai su ba daidai ba, ɗaya ma mai ita ya rasu tun bara magada ne ke rigima a kai, yace in ja mata layi in bar ta sai sun gama.

Littafin saura shafi shida. Akwai haya tara da ke ƙarewa a Mayu, kenan wannan watan ne nasu. Gobe bayan Juma'a zan fara da ta kusa da Banex, maigadinta sabo ne ɗan Maraɗi, ban san ma ko yana shan shayi ba.